Yadda ake karanta Ulysses har ƙarshe ba tare da ya koma kayan ado a kanta ba

Kwafi huɗu nake da su na littafin nan Ulysses na James Joyce, marubuci ɗan ƙasar Ailan, kuma wallahi sai da na mallaki uku kafin in iya wuce babi na uku. Na farkon a wajen mai gwanjon littattafai na same shi a bakin titi, an baza su a kan leda rana tana dukansu, bangon duk ya nannaɗe, wanda ya riga ni mallakarsa ya bi ya ja layi da jan biro tun daga shafin farko har wajen shafi na arba'in da wani abu, daga nan kuma sai takarda fes ko ɗigon tawada babu. A lokacin dariya na yi masa, ashe nima a daidai wurin zan kwanta, ba sau ɗaya ba har sau biyu. Kuma duk lokacin da na kasa sai in ɗora wa bugun laifi, in ce ai rubutun ne ya yi ƙanana, ai takardar ce ta yi ja, sai in tafi neman wani kwafin. Wannan ciwon ba ni kaɗai ke da shi ba, duk wanda ka ji yana da littafin nan tambaye shi a ina ya tsaya, yawanci sai ka ga ya fara sosa ƙeya.

Toh ga yadda na yi na kai ƙarshensa, mataki mataki, in ka ga dama ka bi in ka ga dama ka gyara.

Fara da sanin me ke cikinsa

Abun da ya fi ba mutane tsoro shine suna zaton wani labari ne mai sarƙaƙiya da sai farfesa zai warware. Labarin kam ba shi da wani yawa. Yini ɗaya ne tak, Alhamis 16 ga Yuni 1904, a birnin Dablin na ƙasar Ailan, daga ƙarfe 8 na safe zuwa bayan 2 na dare. Mutum uku ne ginshiƙai. Akwai Leopold Bloom, ɗan shekara 38, mai yawon nema wa jarida talla, babansa Bayahude ne daga Hangari, yana zaune a gida mai lamba 7 a titin Eccles. Akwai matarsa Molly, mawaƙiya ce, kuma Bloom ya sani sarai cewa ƙarfe 4 na yamma wani mutum Blazes Boylan mai shirya mata wasannin waƙa zai zo gidan, ya kuma san ba waƙa kaɗai za a yi ba, shi ya sa ya yini yana gararamba a gari ya ƙi komawa gida. Sai Stephen Dedalus, saurayi ɗan shekara 22, ya sha karatu har ya yi masa yawa, yana koyarwa a wata makaranta, ga talauci ga girman kai, ga kuma abun da ke cin zuciyarsa, wato mahaifiyarsa tana gargarar mutuwa ta roƙe shi ya durƙusa ya yi mata addu'a ya ƙi. Bloom ɗansa namiji Rudy ya rasu yana kwana 11 a duniya, Stephen kuma uban nasa yana raye amma giya ta gama da shi. Tun safe suna ta saɓani a gari, sai dare suka haɗu, suka sha koko a kicin ɗin Bloom, suka rabu. Shikenan fa.

Kar ka ce na ɓata maka labari, littafin nan ba irin wanda ake karantawa dan a ji ya aka ƙare bane, sanin inda aka dosa ma shine zai hana ka ɓata a hanya. Wahalar tana cikin yadda aka rubuta shi ne, babi 18 ne kuma kusan kowane babi da irin salonsa, kana sabawa da ɗaya sai a canza maka wani, kalmomi kuma sun kai wajen 265,000.

Gara kuma in faɗa maka tun yanzu dan kar ka zo kana cewa ba a gaya maka ba, akwai batsa a ciki ba kaɗan ba, akwai shan giya kusan kowane lungu, akwai yi wa addinin Katolika shaƙiyanci tun daga shafin farko, babi guda ma a unguwar karuwai aka yi shi. Ba littafin da za ka bari a falo yara su ɗauka bane. In ka san ba za ka iya da wannan ba ka haƙura tun kafin ka kashe kuɗinka.

Zaɓen kwafi, inda yawancinmu muke ɓata lokaci

Nan zan ɗan daɗe dan nan ne na fi shan wahala. Dalilin da ya sa bugun littafin nan ya yi yawa kuma ba su yi daidai da juna ba yana cikin tarihinsa. An fara fitar da shi kashi kashi a wata mujalla ta Amurka, The Little Review, daga 1918 zuwa 1920, sai aka kai matan biyu masu mujallar, Margaret Anderson da Jane Heap, kotu a 1921 kan laifin buga batsa, aka ci su tara, daga nan duk wata maɗaba'a a Amurka da Ingila ta ja baya. Sai wata Ba'amurkiya mai shagon littattafai a Faris, Sylvia Beach, ta ce ita za ta buga da sunan shagonta Shakespeare and Company. Ya fito ran 2 ga Fabrairu 1922, ranar da Joyce ya cika shekara 40, kwafi 1,000, bango shuɗi kalar tutar Girka da farin rubutu. A garin Dijon aka buga, masu jera haruffan Faransawa ne, ga shi Joyce ba ya gani sosai kuma duk takardar gwaji da aka kawo masa ya duba sai ya ƙara sabon rubutu a gefe, dan haka kurakurai suka cika shi fal. Bayan nan ma aka yi ta ƙwace kwafi a gidan waya a New York da wajen 'yan kwastan a Ingila. Sai a Disamba 1933 wani alƙali John Woolsey ya yanke cewa littafin zai iya shiga Amurka, kamfanin Random House ya buga a 1934, Bodley Head kuma a Ingila a 1936. Abun dariyar, bugun 1934 ɗin daga wani kwafin sata aka kwafo shi bisa kuskure, ya zo da nasa ɓarnar. Kowa ya zo gyara sai ya cire wasu kurakuran ya zuba sababbi.

Yau a kasuwa kusan iri uku za ka tarar. Akwai matanin 1922 na asali, shine Oxford World's Classics suka fitar da bayanan Jeri Johnson a baya. Akwai matanin 1960 da 1961 na Bodley Head da Random House, shi Penguin suka daɗe suna bugawa, wanda ya haura shafi 900. Sai na Hans Walter Gabler, Bajamushen malamin da ya bi rubutun hannun Joyce ya fitar da nasa gyaran a 1984, aka yi ta rigima a kai musamman bayan wani John Kidd ya caccake shi a 1988. Rigimar nan ta malamai ce, kai da kake karatun farko ba za ka ma lura da bambancin ba. Ni shawarata in ka samu na Oxford ka ɗauka, saboda bayanin yana ciki ba sai ka riƙe littafi biyu ba. In kuma kana da niyyar amfani da manyan littattafan sharhi toh na Gabler ya fi, dan yana da lambar layi a gefe kuma da ita masu sharhi ke aiki.

In gwanjo za ka saya ka tsaya ka duba da kyau, kar kunyar mai kaya ta hana ka. Buɗe tsakiya ka ga ko gam ɗin ya saki, littafi mai kauri haka in bayansa ya tsage shafuka za su rinƙa zubewa ne kaman ganye. Duba ƙarshe ka tabbata babin ƙarshe yana nan, za ka gane shi da ido, rubutu ne cunkus babu aya babu waƙafi. Kwafina na biyu sai da na kai gida na ga an tsallake shafi kusan talatin a tsakiya an maimaita wasu, na koma mai shagon ya ce ai an riga an yi ciniki. Ka guji masu ƙananan haruffa kaman ƙwayar gero, wata uku za ka yi kana kallonsu. In babu kuɗi ko babu inda za ka samu, yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, amma gaskiya karanta shi a waya azaba ce, saƙo ɗaya na WhatsApp ya shigo an gama da kai. Ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fi sakewa da Faransanci, akwai fassarar 1929 ta Auguste Morel wadda shi Joyce ɗin ma ya sa hannu a duba ta, da sabuwa ta kamfanin Gallimard a 2004. Da Larabci ma akwai ta Taha Mahmud Taha ɗan Masar, ta fito a 1982.

Masu sha'awar tarawa kuma, ban hana ku ba, nima ina ciki. Bugun farkon nan na 1922 kam mu dai sai a hoto, musamman guda 100 da Joyce ya sa wa hannu, kuɗinsu ya fi na gida. Akwai na Odyssey Press da aka buga a Hambog ta Jamus a 1932, akwai na 1935 mai zanen Henri Matisse wanda shi kuma labarin Odyssey na Homer, tsohon mawaƙin Girka, ya zana maimakon na Joyce. Amma ka ware ɗaya, mafi muni a cikinsu, ka ce wannan na aiki ne, za ka yi rubutu a ciki, ka naɗe kunnen shafi, shayi ya zube masa ba komai. Ni sai da na koma kan na gwanjon nan mai jan biro sannan karatu ya tafi, dan shi ba na jin tausayinsa.

Shiri kafin ka buɗe

Za ka ji ana cewa sai ka karanta Odyssey ta Homer, sai ka karanta Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare, sai ka san tarihin Ailan, sai ka iya Latin. In ka biye wa wannan sai ka tsufa baka fara ba. Abun da nake ganin ya wadatar, ka nemi taƙaitaccen labarin Odyssey na shafi biyu uku ka san cewa wani sarki ne, Odysseus, wanda a Latin ake kira Ulysses, ya yi shekaru yana bulayi a teku yana neman komawa gida, ɗansa yana nemansa, matarsa manema sun cika mata gida. A kan wannan Joyce ya ɗora ginin, Bloom ne sarkin, Stephen ɗan, Molly matar, sai dai ita matar sarkin an san ta da riƙon amana ita kuma wannan ka ji abun da na faɗa. In kana da lokaci ka karanta A Portrait of the Artist as a Young Man na 1916, dan nan ne yarintar Stephen take, gajere ne, zai sa ka gane me ke damunsa. Tarihi kuma abu biyu kawai ka riƙe, a 1904 Ailan tana ƙarƙashin Turawan Ingila, shekara ɗaya kenan bayan su ɗin dai sun ci Kano da Sakkwato, sannan akwai wani jagoransu Parnell da ya faɗi saboda rikicin mace ya rasu a 1891, har lokacin mutanen littafin ba su daina jimaminsa ba. Da ka riƙe wannan za ka gane haushin da ke bayan hirarrakin mashaya da yawa, kuma wurin da Baturen Ingila ke yi wa tsohuwa mai tallan madara yaren Ailan ita kuma ta zaci Faransanci ne, mu da aka yi wa mulkin mallaka ba sai an yi mana sharhinsa ba.

Sai ka ɗauki fensir ka rubuta sunayen babuka da kanka a saman kowane babi, domin Joyce bai sa su a cikin littafin ba amma duk mai magana a kansa da su yake kira, Telemachus, Nestor, Proteus, Calypso haka har Penelope, duk daga Odyssey aka ɗauko su. Ka rubuta ƙarfe nawa ne da kuma wurin. Ka sauke taswirar tsakiyar Dablin ka ajiye, titunan na gaske ne, shagunan ma na gaske, mutumin yana zaune a Trieste da Zurich da Faris daga 1914 zuwa 1921 yana rubuta garinsu da taimakon kundin adireshin Dablin na 1904.

Ƙa'idar tafiya

Shafi goma a rana, kar ka zaƙe. In bugunka mai shafi 700 da ɗoriya ne wata biyu da rabi kenan, in na Penguin ne wata uku. Ka zaɓi lokacin da kanka yake sake, ni bayan asuba nake yi kafin gida ya tashi, na gwada da dare sai dai in farka littafin yana kan fuskata. Ka sani shi ba ya amfani da alamar zance irin ta sauran littattafai, ɗan layi ne a farkon magana, kuma mai ba da labari yana cikin bayani sai kawai a zurma cikin tunanin mutum ba sallama. In ka ga jimloli sun gajarce sun zama guntu guntu toh kana cikin kan Bloom ne, in ka ga an shiga falsafa da Latin kana cikin na Stephen.

Babbar ƙa'idar kuma, wadda da na san ta tun farko da ban sayi kwafi huɗu ba, in baka gane ba ka wuce. Ka sa ɗan alama a gefe ka ci gaba. Abubuwa da yawa an ajiye su ne sai can gaba za su yi ma'ana, wani ma sai bayan shafi ɗari uku.

Maganar sharhi, wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake, akwai matani akwai sharhi, kuma ba a barin sharhi ya cinye matani. The New Bloomsday Book na Harry Blamires yana bin labarin ne babi babi da sauƙin Turanci, shi na fi so a karon farko. Ulysses Annotated na Don Gifford kuma kusan kaurinsa ɗaya da littafin kansa, kowane suna kowace waƙa kowane titi sai ya faɗa maka asalinsa, in ka ce za ka duba kowane layi a ciki wallahi shekara za ka yi a babi uku. Yadda na yi shine in karanta taƙaitawar babin tukuna, in karanta babin kai tsaye ba tsayawa, sannan in koma wuraren da na sa alama in duba biyar ko shida da suka fi tsaya min a rai, sauran in bar su.

Kuma ka haɗa da sauraro. Gidan rediyon Ailan RTÉ sun karanta littafin gaba ɗaya a 1982, kusan awa 30, kowane mutum da muryarsa, ana samu kyauta a intanet. Ka sa a kunne ido yana kan shafi, nan take za ka rinƙa bambance magana da tunani, kuma za ka gano abun da ba a cika faɗa ba, littafin nan ban dariya gare shi sosai.

Inda ramukan suke

Babi na ɗaya da na biyu da sauƙi, Stephen da abokinsa Buck Mulligan mai baƙar tsokana a wata tsohuwar hasumiya a bakin teku a Sandycove, sai makaranta inda ya karɓi albashi. Babi na uku, Proteus, shine maƙabartar masu karatu. Stephen ne kaɗai yana tafiya a bakin teku yana tunani, Aristotle, Faris, gawar wanda ruwa ya ci, wani kare, yaruka kala kala. Bai fi shafi ashirin ba. Ka karanta shi a zama ɗaya ko biyu kaman kana jin waƙar da baka san yarenta ba, ko kashi ɗaya cikin huɗu ka kama ya isa. Dan Allah kar ka tsaya a nan, domin kana juya shafi agogo zai koma ƙarfe 8 na safe ka haɗu da Bloom a kicin yana hira da kyanwarsa, yana haɗa wa matarsa karin kumallo, ya fita sayen ƙodar alade, ya dawo ya tarar da wasiƙar Boylan a ƙofa ya kai mata da hannunsa. Daga nan littafin ya zama na mutane. Wanda duk ya ce min ya kasa, tambayar da nake masa ita ce ka kai wurin Bloom kuwa?

Na huɗu zuwa na takwas tafiya ce mai daɗi. Babi na shida, jana'izar Paddy Dignam a maƙabartar Glasnevin, shine inda na fara son mutumin, suna cikin keken doki wani ya fara aibata masu kashe kansu bai san baban Bloom haka ya mutu ba, Bloom ya yi shiru, wani a cikinsu da ya sani yana ta ƙoƙarin kawar da zancen. Ka lura da ƙananan abubuwa, sabulun lemo da ya saya yake ta yawo da shi a aljihu, dankalin da yake ɗauke da shi kaman laya, da jaridar da ya ce wa wani Bantam Lyons zai jefar, shi kuma ya ɗauka sunan doki yake raɗa masa, dan akwai doki mai suna Throwaway, wato jefarwa, a tseren dawaki na Ascot na ranar. Riƙe wannan, zai dawo.

Na tara rami ne ƙarami, Stephen a ɗakin karatu na ƙasa yana zuba bayani kan Hamlet, a ƙarshe aka tambaye shi ko ya yarda da abun da ya faɗa ya ce a'a, toh kai me zai sa ka kashe kanka a kai. Na goma guntaye 19 ne na mutane daban daban a titi lokaci guda, nan taswira take amfani. Na sha ɗaya, Sirens, yana buɗewa da shafi biyu na gutsattsarin kalmomi marasa kai, kar ka firgita, ɗanɗano ne na abun da zai zo kaman yadda makaɗi ke gwada kayan kiɗa kafin a fara, in ka gama babin ka dawo ka sake karanta su za ka gane kowanne. Kuma a nan ƙarfe 4 take bugawa, Bloom yana zaune a otal yana cin abinci yana jin Boylan ya tashi ya tafi.

Na sha biyu, Cyclops, in baka yi dariya a nan ba toh littafin ba naka bane. Wani ɗan karɓar bashi mai bakin tsiya ne ke ba da labari a mashaya, ga wani mai tsananin kishin ƙasa da ƙin baƙi, dokin nan Throwaway kuma ya ci tsere a kan 20 bisa 1, wato wanda ya yi caca a kansa ya ci ninki ashirin, suka ɗauka Bloom ya kwashi kuɗi ya ƙi saya musu ko kofi ɗaya, aka koma gorin Yahudanci, Bloom ya mayar da martani, aka bi shi da jifa da gwangwanin biskit. Na sha uku rabinsa na farko an rubuta shi ne da salon labaran soyayya na mujallun mata, da gangan aka zuba zumar ta yi yawa, shine kuma babin da ya jawo shari'ar 1921.

Sai babban ramin, na sha huɗu, Oxen of the Sun. Asibitin haihuwa ne a titin Holles, wata mata Mina Purefoy tana kwana na uku tana naƙuda, ɗaliban likita suna ƙasa suna shaye shaye da maganganun banza, Bloom ya shigo duba ta ya tarar da Stephen a cikinsu. Abun da ya faru kenan gaba ɗaya. Amma Joyce ya rubuta shi ne yana kwaikwayon yadda Turanci ya girma, daga tsohon da ba ya karantuwa, sakin layi bayan sakin layi yana sauya ƙarni, har ya iso Turancin 'yan tasha, wai kaman yadda ciki ke girma wata tara. Turawan ma kuka suke da shi. Nan kam ka karanta taƙaitawa sau biyu, ka sa RTÉ a kunne, ka rage zuwa shafi biyar a rana, ka daure mako ɗaya. Farkonsa ne ya fi tsauri, yana tafiya yana sakewa, sai can ƙarshe ya sake hargitsewa. Ni kwana tara na yi a ciki kuma har yau ba zan ce ina sonsa ba.

Na sha biyar, Circe, kaurinsa ne ke tsorata mutane, ya kai shafi 150, amma a tsarin wasan kwaikwayo yake, gudu yake yi. Ka sa a ranka cewa yawancin abun da ke faruwa mafarkin ido biyu ne, matattu suna magana, kayan ɗaki suna magana, duk abun da ka gani da rana zai dawo a karkace, kuma nan ne za ka ci ribar haƙurin da ka yi a baya. Abun da ya faru da gaske kaɗan ne, Stephen ya ga fatalwar uwarsa ya fasa fitila da sanda ya fita, wani sojan Ingila ya naushe shi ya faɗi, Bloom ya tsaya a kansa. Na sha shida an rubuta shi da gajiyayyen Turanci da gangan dan su ma sun gaji, kaima za ka gaji, wuce kawai. Na sha bakwai tambaya da amsa ne guda 309 kaman jarabawa, Bloom ya buɗe famfo sai a ba ka tarihin ruwan tun daga madatsar Roundwood har kicin ɗinsa, da farko za ka ce wannan wane irin wulaƙanci ne, amma a cikin wannan bushewar ne ake faɗa maka abubuwan da suka fi taɓa zuciya, har abun da ke cikin durowarsa da wasiƙar babansa ta ƙarshe.

Wani abu da ya taimake ni a wannan zangon, mun haɗu mu uku muna yi tare, duk Asabar kowa ya turo saƙon murya na minti biyu ya faɗi inda ya kai da abun da ya ɗaure masa kai. Ɗaya ya gudu a babi na sha huɗu, har yau in mun haɗu sai ya ce yana nan tafe. Kunyar ɗayan da ya rage ce ta sa ban ajiye ba. In kuma ka yi fashin mako biyu ko wata, kar ka ce za ka koma farko, wannan tarkon ne ya cinye ni sau biyu, koma farkon babin da kake kawai.

Babin ƙarshe na Molly ne, tana kwance cikin dare mijin ya dawo ya kwanta kansa a wajen ƙafafunta, tunaninta yana zuba, Jibralta inda ta taso, samarinta, Boylan, Rudy, kuɗin cefane, ranar da Bloom ya nemi aurenta a kan tudun Howth. Dogayen jimloli takwas ne a shafi arba'in da wani abu. Dabarar ita ce ka karanta a bayyane ko da raɗa ne, numfashinka ne zai sa maka aya da waƙafi, kuma ka kula da kalmar "shi" dan tana sauya namijin da take nufi a tsakiyar layi ba ta sanar da kai ba. Ka ware masa yammaci guda ka kashe waya, ƙa'idar shafi goma ba ta aiki a nan. Ni ran Lahadi na yi shi a tsakar gida, aka kira ni cin abinci sau uku ban tashi ba, da na gama na duba bangon baya na kwafin gwanjon na rubuta kwanan wata da fensir a ƙasan sunan mai jan biron.